Sojojin da Ba a Gani

Ganuwar birninsa ta fara rushewa a wayarsa, daidai lokacin da motar da ta taso daga Figil ta sauke shi a Garwa. Ya daɗe yana gina birnin nan a cikin wani wasan yaƙi na waya, yanzu mahara sun cinna masa wuta. Sai ga wasu sojoji marasa inuwa sun ɓullo daga ciyawa, suka tarwatsa maharan, suka ɓace. Ba yau suka fara cetonsa ba, kuma bai san mai su ba.

A gida, mahaifiyarsa ta amsa gaisuwarsa tana kallon gefe. Shi ne ɗan fari, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ba.

Ƙanwarsa ta ja shi kicin, ta miƙa masa wayar mahaifiyar tasu, ga wasan nan a buɗe.

"Yaya, ni na koya mata. Ta ƙi dawakai, ta ƙi dodanni, ta ce in nuna mata waɗanda ba a ganinsu. Kullum bayan la'asar tana horar da su."

Daga tsakar gida uwar ta ɗaga murya, da ƙanwar take:

"Ke, garin wancan mutumin, yana nan tsaye?"