Maginin Tukwane da Ƙarfen Gadon Baya

Kai da ake koya wa aikin tiyatar gadon baya, saurari wannan kafin ɗokin wuƙa ya kama ka.

An yi wani maginin tukwane da ciwon baya ya addaba shekara da shekaru. Sana'arsa kuwa ta sunkuyo ce, a duƙe yake zagaya randa yana ɗora yumɓu har ta kawo masa ƙugu. Maƙwabcinsa, wani ɗan dako, shi ma ya sha irin wannan wahala, sai likita ya haɗe masa ƙasusuwan baya biyu da ƙarfe, ya miƙe garau. Magini na ganin haka ya ce ai magani ya samu. Ya tafi wajen likitan, wani dattijo marar gaggawa. Dattijo ya duba hoton bayan, sannan ya ce ya nuna masa inda ke ciwo. Magini ya shafa tafin hannu tun daga kafaɗa har kwankwaso, ya ce yau nan, gobe can. Likita ya gaya masa cewa ɗan dako da yatsa ɗaya ya nuna nasa, don ƙashi ne ya goce, kuma an gan shi a hoto. Ya ce, "Naka yawo yake yi, malam, ƙarfe kuwa ba ya ɗaure abin da ba a san mazauninsa ba." Ya haɗa shi da masu gashin ƙashi da motsa jiki, ya ce ya riƙa ɗora randar kan dakali don ya rage duƙawa.

Magini ya fito ransa a ɓace. A ganinsa likitan da bai fid da jini ba bai yi aiki ba, da surutu kawai aka sallame shi. Ya yi ta bin asibitoci har ya dace, in dace ne, da wani likita wanda ba ya yawan tambaya. Aka haɗe masa ƙashi huɗu. Rauni ya warke sumul, ciwo kuwa ko gezau, ga baya ya sandare kamar taɓarya. Ran da ya koma rumfarsa aka kwaɓa masa yumɓu, ya yi, ya yi, hannu ya ƙi kaiwa gindin randa. Ya daɗe a tsaye har yumɓun ya fara tsagewa. Abin tausayi, da can yana gini cikin ciwo, yanzu ga ciwo, ba gini.

Shi ya sa nake ce maka sanin wanda za a ƙyale ya fi sanin yanka wuya. Garin neman gira akan rasa ido.