Wuri Ɗaya a Jirgin Ceto

Ƙarfe uku da kwata Amal ta manna jar takarda a kan taswirar hanyar dutse. Iska ta taso daga teku, an ce a rufe hanyar. Sati shida ke nan tana aikin hutu a ɗakin karɓar baƙi na gandun tsibirin, can kudancin Faransa. Haifaffiyar Belleville ce a Paris, Hausarta kuwa ta kicin ɗin uwarta ce, ta ishe ta gaisuwa da faɗa, ba ta wuce nan ba.

Da safe wani dogon saurayi ya shigo da dattijai mata biyu daga Lyon. Ya gama karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon, ya kawo su su ga teku. Hajiya Huseina, mai jiki da baki, ciwon gwiwa ya hana ta hawa. Ta baje kan benci kusa da akwatin gilashin da aka jera ƙasusuwan kifi, duk wanda ya gifta sai ya sha labarin "ɗana injiniya", ko yana jin Hausa ko ba ya ji. Ɗayar, Saadatou, siririya ce mai shuɗin mayafi. Ita ce ta bi shi hanyar dutsen, taku biyar a bayansa.

Yanzu ga ta ta dawo ita kaɗai, ƙafa ɗaya ba takalmi, tafin hannunta duk a ƙuje. Ba ta nufi teburin Amal ba. Ta sunkuya ta raɗa wa Huseina wata magana, Huseina ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Daga ihun ne Amal ta gane cewa saurayin ya zame ya faɗa ƙasan dutsen. Amal ta kira masu gadin gandun ta rediyo, suka nemi suna, shekaru da wurin.

"Tanti, yaya sunansa?" in ji Amal.

Saadatou ta kawar da kai. Amal ta sake tambaya, ta sake kawar da kai.

"Illiassou!" in ji Huseina tana bugun ƙirji. "Wayyo Illiassou, ɗana!"

Sauran tambayoyin Saadatou ce ta amsa su, murya ba hawa ba sauka, kamar mai lissafa cefane. Shekara ashirin da shida a watan gobe. Ƙasan hasumiyar fitila, hannun hagu. Kada a yi masa allurar penisilin, jikinsa ba ya karɓa. Duk inda suna ya kamata ya fito, sai ta ce "yaron".

Ran Amal bai kwanta da matar nan ba. Mutum ya faɗo a gabanki, ki sauko ido a bushe, sunansa ma ya gagare ki? A gefen takardar rahoto ta rubuta ƙanana: a tambayi mai shuɗin mayafi.

Baƙi suka watse zuwa jirgin fito. Tagogi na kaɗawa. A ƙaramin ɗakin kallo fim ɗin ciyawar teku yana ta maimaita kansa ga kujeru.

Bayan minti arba'in aka ce an same shi da rai, amma da ƙyar. Iska ta hana jirgin sama tashi, sai dai jirgin ceto na ruwa, shi kuma wuri ɗaya ya rage a cikinsa. Wani mai gadi ya banko ƙofa yana haki, ya ce da Faransanci a ba shi uwar, maza.

Amal ba ta ɓata lokaci da tambaya ba, abu a fili. Ta nuna Huseina.

Huseina ta miƙe, sai ta tsaya cak ta waiwayi Saadatou, baki a buɗe. Saadatou ta nuna mata ƙofa da haɓa. Mai gadin ya kama hannun Huseina suka fita da sauri.

Saadatou ta tsaya jikin taga har jirgin ya ɓace cikin kumfar ruwa, kuma ba ta zauna ba bayan nan. Amal ta miƙa mata ruwa, don dai kada a ce. Ta karɓa ta riƙe, ba ta sha ba.

Biyar saura minti goma rediyo ya yi magana. Amal ta saurara. Tsoro da haushin matar suka bar ta, tausayi ya shiga. Ta tattaro 'yar Hausar da take da ita ta matsa kusa.

"Tanti, sai haƙuri. Ya rasu a hanya. Amma an gode Allah, a hannun mahaifiyarsa ya cika."

Saadatou ta ajiye kofin a bakin taga a hankali, kamar kada ya yi ƙara.

"A hannun gwaggonshi ya cika, ɗiyata," in ji ta. "Ni na haife shi. Ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kama sunanshi, balle ta miƙe gaban mutane ta ce nata ne."