Layin Ƙofar Kwamiti

Tun safe ake tafi a babban zauren otal ɗin, kuma har yanzu ba wanda ya faɗi abin da ya isa a tafa masa. Taron ƙasa da ƙasa ne, wai kan dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam da makamashi mai tsabta. Duk an cusa su a wuni guda, don wakilai su samu sararin shiga kasuwa sayen tsaraba kashegari.

Auta na zaune can baya, rungume da hoton mahaifinta. Ba jawabi ta zo ji ba. Tun da sabuwar gwamnati ta kama Baba ba a kai shi kotu ba, ba a bar lauya ya gan shi ba, ga ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Labarin ƙarshe da ya iso gida shi ne ƙafarsa ta kumbura har ta fara wari. Abin da take nema bai taka kara ya karya ba: kwamitin kare haƙƙi ya sa baki a bar likita ya shiga wurinsa.

Na kan dandamali kuwa ko a jikinsu. Wani mai ƙaton tumbi ya yi ta kukan hayaƙin da ke dumama duniya, sai ka rantse da ƙafa ya zo, alhali jirginsa na kansa na can filin jirgi yana jiransa. Wata ta miƙe ta ce ƙasarta ba za ta yi Allah wadai da kowa ba, iyakarta nuna damuwa. A kan wannan aka yi ta kai ruwa rana har shayi ya huce.

Da aka tashi hutu ta hango Jakada wajen teburin kek. Mutumin nan ya ci abinci a gidansu ba adadi, tana ƙarama har agogo ya taɓa kawo mata. Suna haɗa ido ya kara waya a kunne, wayar da ko haske ba ta yi. Auta ta sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, ni ce Auta."

"A'a, 'yata! Ya jikin Baba?"

"Jikin ne ya kawo ni."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ki yi haƙuri, lokacin ne bai dace ba. Muna gab da sa hannu da sabbin mutanen nan kan ma'adinin batir. Kin san duniya na buƙatar wutar rana."

Ya sulale ya bar ta da ƙamshin turarensa. Munafuki! Da bakin nan nasa ya sha kiran Baba ginshiƙin zaman lafiya a gaban 'yan jarida. Ta juya ta nufi ɗakin kwamiti.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, dab da banɗaki. Can aka ga ya dace a saurari koken jama'a, kada su ɓata wa manyan baƙi kafet. Mata ne zaune a layi kan dogon benci, yawancinsu tsofaffi, kowacce da hoton wani saurayi a cinya. Hotunan sun koɗe, gefensu ya cinye don yawan riƙo. Nata sabo ne fil cikin gilashi, ta sa mai hoto ya yanke shi daga wuya, fuskar Baba kawai ta bari.

Ta yi sallama. Shiru. Ta zauna, ta kusa da ita ta ja jiki, ta gaba ma ta matsa, har fili ya buɗe kamar ta zo da cuta. Ranta ya ɓaci, amma ta ce a zuci hassadar takalminta da jakarta ce, su suka sani.

Layi na tafiya kamar ba ya so. Can sai sakataren kwamiti ya leƙo yana duban agogo. Shugabar kwamitin za ta bi jirgi, in ji shi, akwai wani taron a wata ƙasa, mutum ɗaya kawai za a ƙara gani.

Wata tsohuwa mai sanda ce a gaba. Ta fara yunƙurin miƙewa ke nan Auta ta watsar da girman kai, ta zube a gabanta kan gwiwoyi.

"Iya, don girman Allah ki bar mini. Mahaifina ne. Zai mutu a tsare, ba shari'a, ba magani."

Wata ta ja dogon tsaki. Wata ta kawar da kai tana tofar da yawu. Tsohuwar ba ta kula su ba. Ta karɓi hoton, ta kusanto da shi idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ba shari'a, ba magani," ta maimaita a hankali. Ta miƙa mata hoton. "Tashi, 'yar nan. Shiga ki roƙa masa likita."

Benci ya kaure da hayaniya. "Haba Iya! Shekara da shekaru kina jiran ƙofar nan!"

Auta ta fashe da kuka. A duk ginin nan mai cike da masu kwat da manyan takardu, ashe imani na wurin tsohuwa mai silifas. Ta kama hannunta tana jero godiya, tana cewa Allah ya saka, Allah ya bayyana mata ɗanta.

Tsohuwar ta zare hannunta, ta goge shi a zani.

"Riƙe godiyarki. So nake ya rayu, don tun da ya sa aka kwashe mana 'ya'ya lokacin da yake kan mulki, duk duniya shi kaɗai ya san ramin da aka zuba su."