Saurar Kawu Barmo

Tun da aka kafa sabuwar dokar filaye, duk filin da na'urar Hukumar Ƙasa ta ce ba shi da mai shi, kafin azahar jirage marasa matuƙi sun zuba masa irin itatuwa, ya zama dajin gwamnati. Shi ya sa Tabawa, 'yar garin da ke aikin awo, ta kasa zama. Tun safe take bin gonaki, na'urar a wuyanta tana sauraro.

A bakin fadama ta iske Kawu Barmo cikin ciyawa iya ƙugu.

"Kawu, nan fa?"

"Saura ce, 'yata. Na bar ta ta huta, baɗi in noma."

Na'urar ta ce, "An rubuta: saura. Ragowar fili, babu mai shi."

"Ke, ba wannan sauran ba!" Tabawa ta daka mata tsawa, tana ta danne-danne. "Gonar da ke hutu yake nufi!"

"Babu hutu a jerin amfanin ƙasa."

Daga gabas ƙarar jiragen ta taso kamar ta ƙudan zuma. Kawu Barmo ya saurara, ya sauke fartanya daga kafaɗa, ya sunkuya ya fara sara, yana ba gonar haƙuri.