Ranar da Famfo Ya Yi Tari

Famfon tsakar gidanmu ya yi tari sau biyu, sai ruwa ya ɓalle, bayan wata huɗu a bushe.

"Ku kawo bokiti, har tukwane!" in ji Inna, tana dariya, zaninta sharkaf.

Baho ya tumbatsa, tsakar gida ta zama tafki. 'Yan tsaki biyar da kazar Kaka ta ƙyanƙyashe shekaranjiya suka ruga suka faɗa ciki. Kazar ta rikice da kyarkyara.

"Za su nutse!" Baba ya yi ihu, yana naɗe wando.

Kaka ko motsi ba ta yi ba.

"Duk karatunka ba ka dubi bakinsu ba? Ƙwan agwagwa na sa mata. Ai na san ruwan zai dawo."