Malam a Ƙarƙashin Tabarma

Ranar da wata yarinya ta koma makaranta bayan jana'izar yayanta, ta tarar da malaminsu durƙushe a tsakiyar aji, lulluɓe da tabarma. Haka ake neman gafara a tsibirin Samowa, ba zai tashi ba sai ta yaye masa.

Shi ne ya ƙaryata ta a gaban kowa ran da ta makara, ta ce kwalekwalen yayanta bai dawo ba.

"Bar shi ya gasu," in ji ƙawarta.

Yarinyar ta tsaya a kansa. Sai ɗalibai suka fara saukowa daga benci suna durƙusawa gefensa.

"Mu ma mun yi miki dariya ranar," in ji wani.

Har ƙawar ta durƙusa. Yarinyar ta kama bakin tabarmar ta yaye.

"Tashi, Malam. Ku ma ku tashi."