Ranar da Baba Ya Tambayi Hanyar Gari

Ina ɗan shekara tara Baba ya tafi da ni fatsa a ƙaramin kwalekwalen da yake arowa wurin abokinsa. Tela ne a unguwar Hindawiyya ta Jidda, amma duk Juma'a bayan la'asar teku ce wurin hutunsa. Ni nawa kamun ƙaguwa ne: in ɗaura kan kifi a igiya in saki, in ta kama in jawo a hankali.

Ran nan na ga ya daɗe yana neman ramin ƙugiya da bakin zare, zaren yana ta wucewa ta gefe. Mutumin da ke zura zare a allura yana hira!

"Zo ɗaura mini, ya waladi, ɗana," ya ce. "Ai ka girma."

Na ɗaura, murna ta cika ni. Can ya sa hannu a bokiti, wata ƙatuwar ƙaguwa ta cafke masa yatsa. Tana nan a fili, bai gan ta ba. Ya fizge yatsan, jini na ɗiga a rigarsa.

Da rana ta yi ja ya ce, "Halas, ya isa, mu koma." Ya ɗauki filafili amma bai tuƙa ba. Sai ya yi ƙasa da murya.

"Ta ina gari yake?"

Ga Jidda nan a gabanmu, gidajenta farare tas. Na kama hannunsa na nuna masa.

"Kada ka gaya wa Ummanka tukuna."

Bai sake shiga teku ba, ganinsa ya ci gaba da dushewa. Yanzu na tsufa, amma har yau zuciyata takan karye idan na tuna yadda babban hannun nan ya bar nawa ya nuna masa hanya.